Yadda Muka Ci Asibitin Yaya Hadiza

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hadiza makwancinta a Talata Mafara. Kowace shekara nakan rubuta mata 'yan layuka na yabo da addu'a. Bana alƙalamin ya yi mini nauyi.

Mu gidan fawa ne. Mahaifinmu mahauci, ni ƙanenta kuma na tashi cikin fataucin shanu. Ita kaɗai a ɗakinmu ta yi karatun ungozoma. Da ta ajiye aikin gwamnati, sai ta buɗe ƙaramin asibitin haihuwa a bayan gidanta. Ba ta taɓa ɗaukar akawu ba. Ranar Talata, ranar kasuwa, ba ta samun sukuni, don haka Laraba da hantsi take zama da littafinta da tarin rasit: abin da ya shigo, abin da ya fita, kuɗin magani a gefe, albashin ma'aikatanta a gefe, na man janareta a gefe. Ita ma albashi ta yanka wa kanta, kamar wadda aka ɗauka aiki.

Mun sha yi mata dariya. Wata rana na je neman ciko zan sayi wani sa, ga kuɗi ina kallo cikin durowa. Ta ce, "Bello, wanga ba nawa ba ne, na matar da za ta zo gobe ne. Jira ƙarshen wata in ba ka daga nawa." Na fita ina gunaguni, wai boko ya koya mata rowa. Ƙarshen wata kuwa ta aiko mini har gida.

Da ta rasu, ɗiyarta Nafisa, wadda ta karanci aikin jinya, ta karɓi wurin. Yarinya ce da ta iya aikinta. Amma mu dangi mun mai da asibitin gonar gado. Mai biki ya zo, mai suna ya zo, wanda takinsa bai cika ba ya zo, har da ni. Ba wanda ya yi sata. Kowa da sallama yake shiga, ya fita da godiya. Nafisa kuwa wace ce da za ta dubi kawunta ta ce babu? Da farko tana rubutawa, daga baya ta ji nauyin ganin sunayen iyayenta a jere, ta daina. Zaman Laraba ya mutu. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne ƙadangarun, mu ne kuma muka tsaga bangon.

Daminar bana, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar asibitin, wani manomi daga Birnin Tudu, Malam Isa, ya kawo matarsa tana naƙuda. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle mata. Allurar tsayar da jinin babu. Mai kawo magani daga Gusau ya daina turowa tun da aka kasa biyansa, firijin da ake ajiye ta ma batirinsa ya mutu tun bazara. Nafisa ta fito a guje ta ce, "Kawu, tada mota!" Muka garzaya da matar babban asibiti. Allah Ya sa tana da sauran kwana. Aka ƙara mata jini, ta farfaɗo.

Malam Isa bai zage mu ba. Da ma ya zage mu. A baranda ya dube ni ya ce, "Alhaji, ɗiyana huɗu Hajiya ta karɓa. Asibiti biyu na wuce kan hanya, na ce sai wurin Hajiya." Motar da na ɗauko matarsa a ciki, da kuɗin durowar nan na canza mata tayoyi.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. A zamaninta biro da rula ne kayan aikinta. Yanzu da waya ake biya, waya ce ma ke haɗa lissafin da kanta. Ina jin za ta ce kayan aiki sun ƙaru, kunya ce aka ajiye inda ba muhallinta ba: yarinya ta ji kunyar hana mu, mu ba mu ji kunyar roƙonta ba.

Ba a daɗe ba Nafisa ta tara mu a zaure. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Ku iyayena ne. Ko dai ku bar ni in riƙe asibitin nan yadda Inna ta riƙe shi, ko in rufe tun ban kashe ɗiyar wani ba." Sai babban yayanmu ya ce, "Riƙe." Ta buɗe wa asibitin asusun banki daban, ta koma zama da lissafinta kowane mako. Ni na sayar da shanu biyu aka sayi batiri da magani, kuma ban kira shi kyauta ba. Wasu dangi sun ɗauke ƙafa, wai ta fi uwarta rowa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Me ya rage na Yaya Hadiza? Ginin ya tsufa, gadajen da ta saya an canza su. Abin da ya rage shi ne yardar da mutanen ƙauyuka suka yi da ita, wadda har yau take ɗauko mace mai naƙuda ta kawo ta ƙofarmu. Shekara tara muna ci daga cikinta, ba mu zuba kome ba, kuma saura ƙiris ta ƙare da ran baiwar Allah.

Malam Isa ya raɗa wa jaririyar suna Hadiza. Ya aiko mini da goron gayyata. Ban iya zuwa ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinta, mu kuma Ya yafe mana.