Bulutut ɗin da Baba Ya Zaɓa Daga Gida

Mun tashi da asuba daga Samaru, ladanin masallacin bayan gidanmu bai daɗe da yin shiru ba, mu kuma mun yi addu'ar safe a tsaitsaye. Ni da ƙanwata ne. Malamar firamare ce, ranar Asabar ba ta da aikin da ya wuce sa mini ido. Tafiyar ba mai nisa ba ce: mu je Shika mu ɗauko ƙwai a gonar kajin da nake yi wa jigila, mu sauke wa masu shaguna a Sabon Gari, sannan in sayi abin kunnen nan marar igiya da ake ce wa bulutut. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni barci, kuma ba za ku gane dalili ba sai na ba ku labarin motata da mahaifina.

Motar a-kori-kura ce, ta girmi ƙanwata. Gilashin gefen direba ya faɗa cikin ƙofa ya ƙi fitowa, makanikai sun yi iya yinsu sun haƙura. Salansar hayaƙinta kuwa an yi mata walda har babu sauran inda wuta za ta kama. In na taka totur a Samaru, mutanen Palladan sun san ina tafe. Baba ne ya tuƙa ta shekara da shekaru, da ita ya biya mana kuɗin makaranta, sai bara ciwon ido ya rufe masa gani, ya miƙa mini makulli.

Tun da ya zauna a gida, abin da ya rage masa na hanya shi ne kirana. Ƙanwata ta saita masa waya, in ya danne maɓalli guda ya riƙe sai ta kira ni. Kullum da safe ina kan hanya zai kira, ya tambayi inda nake, ya yi mini faɗan gudu, ya tambayi ko an cike ramin kaza. Ni kuma hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne, ina ta ihu. Rannan wajen kauce wa ɗan acaɓa saura kaɗan in kifar da mota da ƙwan mutane a kwalbati. Daga nan na koma buɗe sifika in ajiye wayar a gabana. Ai kuwa iska ta samu wurin shiga. Ya yi ta tambayar me na ce har ya gaji. Wata safiya ya ce, "Bari kawai, iska nake saya wa kati." Ya kashe, bai sake kira ba. Mama ta ce wayar tana ƙarƙashin matashi, shi kuma sai rana ta take yake fitowa daga ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

An yi ruwa da dare, hanyar Shika ta yi luf. Masara ta fi mutum tsayi hagu da dama. Mun wuce mata da ƙoren nono suna gangarowa gari, da masu jinya riƙe da kulolin abinci suna jiran motar asibiti. Wata dattijuwa ta ɗaga mana hannu, muka rage mata hanya, ta sauka tana toshe kunne tana sa mana albarka. A gonar kaji na tarar kiret ya ƙara kuɗi, wai abincin kaji ya yi tsada. Na yi mita ta al'ada, suka yi mini dariya ta al'ada, muka loda kaya, na shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a ƙasa saboda gargada.

A bakin kasuwar Samaru muka karya da ƙosai da koko. Mai ƙosan ta rage masa girma tun da wake ya tashi, amma yajinta yana nan yadda na san shi. Ɗalibai biyu a gefenmu suna gardamar jarrabawa, rabin magana Hausa rabi Turanci, ɗaya kuma da bulutut a kunne yana ƙyaftawa shuɗi. Na tambaye shi ko yana aiki a mota. Ya ce bai sani ba, shi dai don gayu ya saya, batirinsa ma ba ya kai azahar.

Daga nan muka miƙe. Mai ƙwai ba ya gudu, don haka ƙananan motocin haya suka yi ta yi mini hon suna wucewa, kwandastoci suna leƙowa suna tambayar ko gawa na ɗauko. A Palladan wani ƙaramin jirgin 'yan koyo ya gifta ta samanmu, ƙanwata ta ce ta rantse motarmu ta fi shi ƙara. A Kwangila muka ci gosulo kamar kullum, ga manyan motoci, ga masu rake da burodi suna cusa kaya ta tagar da ba ta da gilashi. Wannan ita ce fa'idar tagata guda ɗaya, ba na wahalar saukewa.

Mun shiga Sabon Gari ana buɗe shaguna. Na sauke ƙwai, babu wanda ya fashe sai 'yan kaɗan da na san tun daga gona suke da tsagu. Sannan muka nufi layin masu waya. Kai, wurin nan akwai hayaniya! Janareto a kowace ƙofa, kiɗa daga kowane shago, 'yan mata a ƙarƙashin lema suna sayar da kati da kira. Muka shiga wurin wani ɗan Kudu da aka yi mini kwatancensa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu, sai in ciniki ya yi zafi yake juyawa Turancin kasuwa.

Ya fito mana da iri uku. Na farko ɗan ƙarami ne mai araha, bai fi ɗan yatsa ba. Na biyu na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, sumul da shi, kuɗinsa ya tasam ma buhun masara. Ya ce wannan yana da wayo, yana tace magana ya zubar da duk wata ƙara. Na uku mummuna ne, da ƙugiya mai zagaye kunne da dogon hannu da yake zuwa gefen baki, an sa wa bakinsa ɗan soso baƙi. Ƙanwata ta ce in na sa shi zan koma kamar mai shela a tasha.

Na gwada su duka a shagon. Ƙanwata ta fita waje ta kira ni, kowanne ina jin ta rangaɗau. Har na fara ciniki, sai ta dawo ta ce, "Yaya, kai ka taɓa kukan ba ka jin Baba? Shi ne ba ya jin ka. Kunnenka ba shi zai zaɓa ba." Na ji haushi don gaskiya ta faɗa. Nan kowa yake kuskure, mai shagon ma ya yarda: mutum ya sa a kunne, ya ji ƙara, ya biya, bai taɓa tambayar na can ɓangaren me yake ji ba.

Na ce to sai an gwada a mota, a kan hanya. Mai shago ya ce kayansa ba sa fita sai da shi. Aka yi sa'a yana da kwali biyu da motar Kudu ta sauke masa a Kwangila. Muka daidaita, in kai shi in dawo da shi kyauta, shi kuma ya riƙo kwalayen bulutut a cinya. Ya rufe shago ya shiga tsakiyarmu. Da na tayar da mota ya dube ni ya ce, "Oga, ashe da gaske kake."

Ya haɗa ƙaramin da wayar ƙanwata, don ita ce mai kati, ya ce in sa a kunnen dama, nesa da taga, in bar na hagu don jin hon. Ƙanwata ta kira Mama ta roƙe ta ta kai wa Baba waya. Ina jin muryarsa daga nesa yana cewa a ƙyale shi. Mama ba ta ƙyale shi ba. Na gaishe shi, na ce muna gwada wani abu ne, ya faɗa mini abin da yake ji. Ya ce, "Iska." Kafin in ƙara magana na faɗa wani rami, abin ya fice daga kunnena ya shige ƙarƙashin kujera. Muka tsaya, mai shago ya laluɓo shi yana share masa ƙura da riga, ba wanda ya sake maganarsa.

Mai tsadar muka sa kafin Kwangila. Gaskiya abin mamaki ne. Ina magana a hankali, ba ihu, Baba yana amsa mini daidai. Ya ce yana ji na sosai. Mai shago ya fara murmushi. Sai Baba ya ce, "Kun tsaya ne?" Na ce a'a, muna tafiya. Ya ce, "To ina motar? Kamar a ɗaki kake." Na ce ai aikin abin ke nan, yana kashe ƙara. Ya ce, "To madalla. Ka saya in ya yi maka." Ya miƙa wa Mama waya.

Ni dai na ɗauka an gama. Ya ji ni, ya ce madalla, me ya rage? Muna loda kwalayen mai shago a Kwangila ina lissafin yadda zan rage masa kuɗi. Ƙanwata ce ta ƙi sakin fuska. Ta ce ita ta san madallar Baba, wannan irin wadda yake yi wa baƙon da ya daɗe ne. Ta ce a gwada na ukun tun da an fito da shi.

A hanyar komawa na maƙala mummunan. Ƙugiyar ta kama kunne gam, sosan yana gefen bakina. Mama ta sake kai waya, na ji tana lallashi. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce yana ji na, iskar ta ragu sosai. Wannan karon bai miƙa waya ba. Na sauya giya. Ya ce, "Ka daɗe a ta biyu." Na ce gosulo ne, Baba. Ya ce ya ji, ai ga hon ɗin 'yan acaɓa nan. Muka ci gaba, yana sauraren hanya. Can tayoyi suka hau ƙarfe, gaba sannan baya, sai ya ce, "Kun haye layin dogo." Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin idonsa ya rufe. Na ce masa e, mun haye. Ƙanwata ta juya tana kallon waje.

Bai kashe ba har muka isa ƙofar shagon. Ya bi mu kwana-kwana, ya tambayi ko mai walda na kusa da mahauta yana nan, ya ce in gaida mai shago. Katin ƙanwata ne ya ƙare, shi ya raba mu.

Mai shago bai ji daɗin rasa cinikin mai tsada ba, amma ya yi dariya, ya ce tun da yake sana'ar ba a taɓa mayar masa da kaya don ya cika kyau ba. Ya rage mini kaɗan, ya ƙara mini soso guda da cajar mota, tun da wutar Samaru ba abin dogara ba ce. Na duba maɓallan, manya ne, ana laluben su ba tare da an ɗauke ido daga hanya ba. Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa a bayan layin, mai ya yi mata yawa amma yunwa ba ta bar mu mun yi ƙorafi ba. Muka saya wa Mama busasshen kifi muka kamo hanya.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, amma ga shi ga duk mai mota irin tawa. Kada ka sayi abin kunne a cikin shago, ka gwada shi a motarka tana tafiya. Ka nemi mai ƙugiya da ba zai faɗi a rami ba, mai bakin da ya matso kusa da naka, mai soso saboda iska. Sannan ka bar wanda kake kira ya zaɓa. Ni da na bi kunnena da na biya kuɗin buhun masara na sayo wa Baba shiru, alhali shirun ne ya ishe shi a ɗaki.

Mun shigo layinmu rana ta ɗan karkata. Daga nesa na hango shi a kan benci a ƙofar gida, ya sa hularsa, wayar tana hannunsa. Mama tana tsaye a bayansa, ta ce tun da aka katse ya ce a fito masa da benci. Na tsaya a gabansa, na kai hannu zan kashe mota. Ya ce, "Bar ta tukuna." Ya miƙe, ya laluɓo murfin injin ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe a haka.

Washegarin Lahadi, ranar Litinin, ina zaune a mota ban ma sa makulli ba, abin ya yi ƙara a kunnena. Na danna. Baba ne, daga ɗakinsa, bango ɗaya tsakaninmu. Ya ce, "To, tayar mana mu tafi."