Kunnen Labaran Mai Bes

A masaƙar da muka yi aiki a Challawa, ba mai shiga ɗakin injina sai da auduga a kunne. Ba wanda ya kafa mana doka, ƙara ce ta koya mana. Hira ma da hannu muke yin ta. Labaran ne kaɗai ba ya sawa. Mutumin Zawaciki ne, dogo, marar surutu, injinsa na kusa da nawa tun 1976. In na miƙa masa auduga sai ya jefa aljihu, wai saurare yake yi. Me ake saurare a wannan masifa? Ya ce ai injinan ba taki ɗaya suke ba, wannan na gaba, wancan na ɗingishi a baya, can su haɗu, su sake rabuwa. Abin da yake kwasa ke nan ya kai wa jitarsa.

Bes yake kaɗawa, jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri da murya ƙasa-ƙasa. Yakubu, wani makanikin masaƙar ɗan Kafanchan, shi ya koya masa, daga baya ya sa shi a ƙungiyarsa ta makaɗa. Ranar Lahadi da la'asar suke wasa a wani otal a Sabon Gari. Kiɗan Turawa ne irin mai tsawon nan, waƙa ɗaya sai shayinka ya huce ba ta ƙare ba, ga sauya taki ba sallama. Masu son rawa su yi ta tsaki, ɗaliban jami'a kuwa su cika wurin. Ni ban taɓa gane kansa ba, ina zuwa ne don abokina.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Sai ka kira shi ta baya, ko waiwaye. A asibiti aka ce ya bar masaƙa. Ya koma gida ya dubi matarsa Sauda da yara, washegari ya zo aiki. A lokacin ne ya fara sa auduga, bayan abin da za a kare ɗin saura kaɗan. Ban ga fushi a fuskarsa ba, ban ga damuwa ba. Ni ne ma na yi ta jin haushi a madadinsa.

A wurin wasa ya koma bin ƙafar mai ganga da ido, kuma ya daɗe yana lallaɓawa a haka. Amma in tsirkiya ta saki ba ya ji, sai ya yi ta kaɗa ɓataccen sauti hankalinsa kwance. Kowa ya sani, an rasa mai faɗa masa.

Wata Lahadi a 1984 wani mai buga faifai ya zo daga Legas don ya saurare su. Kafin a fara na ga Yakubu ya sunkuya bayan sifikar Labaran ya murɗe ta, ya kashe muryarta gaba ɗaya. Mai piyano ne ya riƙa cike gurbin da hannun hagu. Labaran ya kaɗa tun farko har ƙarshe, gumi na zuba, yatsu na gudu, ba abin da ke fita.

A hanyar tasha na yi masa alamar masaƙa cewa ya yi ƙoƙari. Ya amsa da ƙarfi, yadda masu ciwon kunne ke magana.

"Haruna, daina wahalar da hannunka. Tun waƙar farko na sani. Katakon da nake tsaye a kai bai motsa ba yadda ya saba in na kaɗa."

Na matso daidai fuskarsa na ce, "To me ya sa ka ci gaba?"

"In tsaya in yi me?"

Mutumin Legas bai sake dawowa ba. Lahadin da ta biyo Labaran ya riga kowa zuwa, ya goge jitarsa, ya rataya, ya tsaya a wurinsa na kullum. Wayar sifikar ma bai jona ba.