Surukin Dakta Auwalu

A duk Hausawan Amurka da ke zaune daga Wheaton har Manassas, babu wanda ya kai Misbahu Sirajo sanin zuciyar ɗan Adam. Ya san ɗakunanta huɗu, ya san ta inda jini ke shiga da inda yake fita, yana iya zana ta a bayan takardar goge hannu kafin shayi ya huce. Abu ɗaya ya rage masa: bai taɓa ganinta ba.

Mutumin Funtua ne. Ya yi karatun jikin ɗan Adam a jami'a can gida, ya zo Amurka a 2004, ya sami aiki a wani babban asibiti a Virginia, a ɗakin ƙasa inda ake wanke kayan tiyata a turara su. Almakasai da ƙarafan buɗe ƙirji suna sauko masa da jini, ya mayar da su sama suna ƙyalli. A nan ya ji labarin aikin da ya tafi da hankalinsa. Idan za a yi wa mutum aikin zuciya, tsayar da ita ake yi cak, a karkatar da jininsa zuwa wani inji da ke yin aikin zuciya da huhu har likitoci su gama. Mai zama gaban injin shi ake kira perfusionist. Karatun digiri na biyu ne, makarantunsa kaɗan, kujerunsu kuma ba su kai na ajin firamare ɗaya ba.

Misbahu ya ɗaura niyya. Makarantun sun ce kimiyyarsa ta gida sai ya sake ta a nan, ya sake ta a kwalejin unguwa, ya ci da maki mai kyau. Sun kuma ce darussan ba sa ajiyuwa, in suka shekara bakwai sun lalace, kamar maganin tari. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi sauƙi: ya shiga ɗakin tiyata, ya tsaya bayan mai injin, ya kalli aiki guda daga farko har ƙarshe.

Kowa ya ce ta kwana gidan sauƙi, domin likitan da ke sa marasa lafiya barci a ɗakin aikin zuciya na asibitin, Dakta Auwalu, surukinsa ne. 'Yarsa ta fari, Umaima, ita ce matar Misbahu, kuma a ƙasan gidansa na Annandale suke zaune, wai kafin su sami nasu.

Masu faɗar haka sun daɗe da barin gida. Misbahu ta ƙofar baya yake shige da fice. Ya haddace ƙarar motar Dakta. A asibiti ƙafa yake bi ya hau bene, kada lif ya buɗe su yi ido huɗu. Bai taɓa kai loma baki a gabansa ba. Shi ma Dakta bai taɓa kiran sunansa ba, "Malam" yake cewa, yana kallon bango.

Umaima, wadda aka kawo ta ƙasar tana 'yar shekara tara, ba ta ga abin wahala ba.

"Abban Aliyya, bene ɗaya ne fa tsakaninku. Bari in hau in gaya masa."

"Ki gaya masa me? Mijinki ya aiko ki roƙo?"

"In ce kana son ka kalli inji."

"Ki bi ta wajen Mama."

Ta bi ta wajen Mama, don ita ma, da yake 'yar fari ce, uban ba ya doguwar magana da ita. Maman, Hajiya Sharifa, ta saurara, ta ga maganar ta yi tsirara da yawa, ta yi mata sutura. Abin da ya isa kunnen Dakta shi ne: "Yaron nan yana gaishe ka, yana kuma yaba aikinku." Dakta ya ce yana amsawa, Allah ya yi albarka. Amsar ta sauko ta hanyar da saƙon ya hau.

A wajen aiki akwai Dalyop, mutumin Jos, wanda daga bakin Misbahu ya fara jin sunan karatun.

"Mutumina, surukinka yana sama, kai kana nan kana wanke cokula?"

"Ba za ka gane ba."

"Ni dai jiya na tare Olive mai injin a layin abinci, na ce ina son in kalla. Ta ce in zo Talata."

"Haka kawai?"

"A'a. Na ce mata don Allah."

"Kai ba ka da suruki a ginin nan. In na tsallake shi na je wajenta, me za a ce?"

"To je wani asibitin mana."

"A ji a masallaci surukin Dakta yana bin ƙofofin bare? Kafin la'asar an kai masa."

"Kunyar nan taku, da jirgi kuka zo da ita ko a nan ake sayarwa?"

Dalyop ya tafi makaranta a wata jiha, ya gama, ya dawo asibitin, ya koma sama. Yakan sauko ya gaisa.

Wata Sallah Misbahu ya yanke shawarar yin ta maza. Ya hau, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofar falo. Aka gaisa, aka tambayi ibada, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen Funtua ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu.

"Baba, dama..."

"Na'am, Malam."

"Dama... injin ɗumama ɗakin ƙasa ne yake ɗan ƙara."

Washegari aka sa sabo.

A shekara ta bakwai Umaima ta gaji, ta kai ƙara wajen Alhaji Kabir, tsohon ma'aikacin sashen Hausa na rediyo, wanda ya karɓar wa Misbahu aurenta. Alhaji Kabir ya tuƙo mota daga Wheaton, ya zauna da Dakta, ya faɗi maganar yadda take. Dakta ya ce tun shekarar farko ya sani, ai littattafan karatun a ƙofarsa masu kawo saƙo ke ajiye su.

"To me ya hana ka kira shi?"

"Alhaji, in na ce masa zo ka kalla, ai na ce aikin da yake riƙe da yarinyar nan da shi bai ishe ni ba. Jira nake ya nema."

"Allah ya iya haɗi," in ji Alhaji Kabir.

Aka sa rana. Ranar ba Dakta ke aiki ba, amma ya yi musaya da abokin aikinsa, kada a ce ya miƙa surukinsa hannun bare ya yi zamansa a gida.

Misbahu ya shiga da koren kaya da takunkumi. Olive ta tsayar da shi bayan injin. Wurin yana fuskantar kan gadon tiyata, ta wajen kan majiyyacin kuwa Dakta ne a tsaye. Misbahu ya ɗan rusuna, ya gaishe shi ta cikin takunkumi, ya sunkuyar da kai.

"Duba, jini ya fara zuwa," in ji Olive a hankali.

Ya ce to.

"Yanzu za a tsayar da zuciyar."

Ya ce to.

Likitan tiyatar, mutum mai son koyarwa, ya ce baƙo ya zo ya leƙa, ba kullum ake ganin wannan ba. Mai leƙawa sai ya hau wani ɗan tudu ta wajen kan majiyyacin, kafaɗa da kafaɗa da likitan barci, kansa ya ɗara na Dakta. Misbahu ya yi godiya, ya ce yana gani sarai daga nan. Dakta bai kira shi ba, kada ya takura masa. Zuciyar ta tsaya, aka gyara ta, ta tashi, aka ɗinke ƙirjin.

Da aka fito Olive ta yi masa tambayoyi kan abin da ya faru. Ya amsa su duka, daidai, daga littafi. Ta ce wannan ba kallo ba ne, ba za ta shaida wa makaranta abin da bai faru ba, amma ƙofa a buɗe take, ya sake magana da wanda ya kawo shi.

Darussansa sun lalace a ƙarshen shekarar. Kafin nan saƙo ya sauko ta wajen Hajiya Sharifa: Dakta ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin yaro mai tarbiyya irin wannan a ɗakin tiyata ba. Misbahu ya ce a ce ya gode. Har yau yana ɗakin ƙasa, an ma ba shi shugabancin masu aikin safe.

Dalyop ne ya matsa masa, ya ce duk tsawon tsayuwar nan ai dole ya ga wani abu. Misbahu ya ce ya gani.

Takalman Dakta na roba ne, farare, na hagun ya ɗan tsage a gefe.