Naman Da Kezia Ta Kai Ajiya

Duk wanda ya san Kezia a unguwar Demsawo ta Yola, da burodinta ya san ta. Malamar firamare ce, 'yar Numan, mijinta Philemon ma'aikacin gwamnati. Tun yaranta suna ƙanana ta koyi sayen cinyar saniya sukutum idan albashi ya shigo. Takan dafa ta da citta da tafarnuwa har ta yi laushi, ta bari ta huce, ta yanka siriri-siriri, ta ƙulla kashi-kashi a leda, ta jera a firiza. Da safe sai ta ciro ƙulli ɗaya ta ɗumama, ta cusa a burodi da tumatir da yaji. Da shi yara ke tafiya makaranta, da shi Philemon ke tafiya ofis, kuma yakan kai su ƙarshen wata.

A shekarar 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, baƙi suka sauka a gidanta. Hayatu ne, abokin Philemon wanda ya taɓa ba shi masauki lokacin da aka tura shi aiki can. Ya zo da matarsa da yaransa da tsohuwar mahaifiyarsa da kowa ke kira Dada. Ƙafafun Dada sun kumbura saboda tafiyar daji.

Kezia ta karɓe su hannu biyu, ta ba su ɗakin yara. Amma da ta buɗe firiza ta ga naman da ta gama dafawa jiya-jiya, sai ta tuna yawan bakunan da ke tsakar gida. Ta kwashe shi tas a kula, ta bi ta ƙofar baya zuwa shagon maƙwabciyarta Ukamaka, mai babbar firiza da janareta.

"Ki ajiye min, tawa ta fara ba ni matsala," in ji ta.

Daga nan kullum sai ta biya ta shagon a hanyar makaranta, ta haɗa wa yaranta burodinsu a can. A gida kuwa tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa, daddawa kawai a ciki. Dada takan suɗe hannu ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Kezia sai ta tashi da sauri ta kwashe kwanuka. Da aka kai Dada asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa ba ta nama, Kezia ta ce a ranta gobe za ta ɗauko. Amma ta rasa yadda za ta ce ga inda naman ya fito.

Ana haka aka fara raɗe-raɗin cewa 'yan bindigar sun doso Yola. Ukamaka ta kwashi 'ya'yanta ta tafi garinsu, ta garƙame shago. Ga wuta ba ta zuwa. Da Chiagozie, ƙanin mijin Ukamaka, ya zo ya buɗe bayan kwanaki, wari ne ya tare shi. Da rana tsaka ya shigo gidan Kezia da kular, ya toshe hanci.

"Madam, naman da kika ajiye ne. Duka ya lalace."

Kowa yana tsakar gida. Philemon ya dubi kular, ya dubi matarsa, ya shige ɗaki. Hayatu ya sunkuyar da kai. Dada ce ta yi magana, ta ce a tona rami a bayan gida kafin ƙuda su taru. Tana zaune a kan tabarma tana kallo Kezia ta juye ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

"Dada, ki yafe min," in ji Kezia.

"Ai tun tuni nake jin ƙamshinsa a hannun yaranki in sun dawo daga makaranta," in ji Dada. "Na ji daɗi suna ci."

Da ma zaginta ta yi, da Kezia ta fi samun sauƙi.

Da gari ya lafa suka koma Mubi, kuma Dada ba ta daɗe ba ta rasu. Kezia ta je ta'aziyya. Hayatu ya riƙa nuna ta ga dangi yana cewa, "Ga wadda ta riƙe mu." Mata suka yi ta riƙe hannunta suna godiya, ita kuwa kuka kawai take, suka ɗauka na rashin ne kaɗai.

Yanzu ta yi ritaya. Nama ya yi tsada, ta koma sayen kafaɗa da ƙirji, amma tana nan tana dafawa tana daskararwa. Philemon bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ba ta taɓa ba. 'Yar Hayatu ta samu jami'a tana zaune a Sangere, kusa da makarantar, kuma duk ƙarshen mako Kezia kan hau keke mai ƙafa uku da kular nama ta kai mata.

"Goggo, ya yi yawa fa, ba mu da firiza a nan," yarinyar kan ce.

"Ki ba abokan zamanki," Kezia kan amsa. Ba ta cika yarda ta zauna ba, sai ta ce rana na yi.