Shekara Ashirin Ina Tura Tsohuwa

Ina tsaka da yanka wuyan riga a shago wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar Mai Agogo ce. Ta ce, "Baba Tela, abokinka ya cika." Na ce to. Na ajiye almakashi, na zauna a benci, na rasa yadda zan yi da hannuwana.

Gyaran agogo ne sana'arsa, shagonsa yana kallon nawa, amma da babur ɗinsa aka san shi. Baƙi ne mai ƙaton tanki, ya girmi duk 'ya'yan gidan, kaɗan ya rage ya girmi uwarsu. Tsohuwa yake kiransa, mu ma muka bi. Yana da buroshin haƙori na musamman don wanke mata ƙafafu. Wani ɗan gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, ya taɓa tsayawa ya tambaya ko ta sayarwa ce. Mai Agogo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ka sayar da taka kakar?"

Tsohuwa ba ta tashi da kik, sai da turi, ni ne kuma mai turin. Kullum da safe sai in je ƙofar gidansa, ya hau ya gyara zama kamar mai shirin ɗaukar hoto, in kama baya har gangaren famfo. Yana ta faɗin, "Ƙara wuta, Tela! Ba ka karya ba ne?" A tsakiyar gangaren sai ta yi tari, ta watsa mini hayaƙi a fuska, ya zagayo ya ɗauke ni zuwa shago. Shekara ashirin muna haka, ko kan babur ɗin bai taɓa bari na riƙe ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ba ciwon ne ya dame shi ba. Ya danƙa mini makulli ya ce, "Ka tashe ta kullum. In ta yi mako a zaune kabureta za ta toshe, yaran nan su miƙa ta ga 'yan gwangwan." Na yi masa alkawari.

Na hau, na roƙi mai wankin layinmu ya tura. Shiru. Washegari ya zo da surukinsa. Rana ta uku mu duka muka ƙare a kwata. Da yamma kuma in je asibiti in ce, "Lafiya lau ta tashi."

Rana ta shida ya ce, "Yaya kukanta yake yanzu?"

Na kumbura kumatu na kwaikwaya masa.

"Wannan injin markaɗe ne, Tela. Ba ta tashi ba."

Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya yafito ni kusa. "Ƙarƙashin kujera, ta hagu, akwai ɗan maɓalli da na sa saboda ɓarayi. Ka latsa. Kik ɗaya za ta tashi."

"Kik ɗaya? To turin fa?"

"Sai mun kai gangare nake latsawa."

"Shekara ashirin, kai mugu!"

"Ranar farko mantawa na yi da shi, ka fito ka tura ni. Da na gaya maka, da za ka riƙa zuwa kullum?"

Na koma gidansa, na laluba, na latsa, na buga kik. Ta tashi kamar jira take. Na kira shi, na kara wayar a bakin salansa, na daɗe a haka kafin na mayar kunne. Allah ya jiƙansa, ban san daga wannan kiran ba zan sake jin muryarsa ba.

Ya ce, "Ka cika ba ta mai. Sassauta, ba keken ɗinki ba ce."

Na ce, "In ka fito, kai za ka tura ni, shekara ashirin cif."

Ya ce, "Allah ya kai mu. Amma kada ka taɓa mini madubi, na saita shi daidai."