Man Birki a Goshin Yaya

Ni ce na fara ganin ƙurajen, don ni ke kai musu abincin rana a wurin gini. Shekarata guda ke nan a Tamanrasset, ƙasar Aljeriya. Na bar lekkol a Damagaram ina aji huɗu na kolej, na biyo yayana, ina dafa masa shi da abokan aikinsa shinkafa da wake. A wannan watan katangar wata garka, wato lambu, suke ginawa a hanyar Outoul.

Kwana biyu yana kukan ciwon kai gefe guda, wai kamar ana soka masa allura a fata. Ban kula ba. Sai da ya kwance rawani zai ci abinci na ga ja ya kwanta masa daga tsakiyar goshi zuwa girar hagu, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe. A dama ko ɗaya babu. Kamar an ja igiyar awo an raba fuskar biyu.

"Siminti ne," in ji Baba. Shi ne babban maginin, dattijo mutumin Maradi, kowa Baba yake ce masa. "Ya share gumi da hannu. A kawo kwalbar nan."

Kowa ya san kwalbar. Man birki ne a ciki. Wanda ya yanke, wanda siminti ya ci wa ƙafa, wanda makero ya fito wa, duk shi ake shafa musu. Asibiti kam ba a zancensa. Babu mai takardar zama a cikinsu, kuma kowa yana da labarin wani da ya je neman magani aka ɗora shi a kamiyo, babbar motar kaya, sai bakin iyaka. Ban taɓa ganin wanda abin ya samu ba. Kullum abokin wani ne.

Na ce, "Baba, siminti ya san hagu da dama ne?"

"To, 'yar lekkol ta fara," in ji shi, aka yi dariya.

Dariyar ce ta ba ni haushi. Na san ciwon nan, kakarmu ta yi shi a haƙarƙari, likita ya faɗa mana sunansa. Sai na ɗaga murya a gaban kowa.

"Zona ce wannan, kuma ga ta a bakin ido. In ba a je asibiti ba idon zai tafi."

Wani lebura ya ajiye cokali. "Zona? A Agadez na ji ana cewa masu sida, ƙanjamau, take kamawa."

Wanda ke cin kwano ɗaya da Yaya ya janye hannunsa a hankali ya goge a wando. Yaya ya kalle ni, ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar da kansa, ya shafe goshin har gira.

Da yamma a gida na tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, gobe da safe mu tafi."

"Ke kin gama da ni ai. Saura me?"

"Magani nake nema maka."

"A gaban mutane? Yanzu in na taka asibiti na tabbatar musu ke nan. A ɗebi jinina, a sa ni mota, labari ya riga ni isa gida."

"To idon fa?"

"Naki ne?"

Kwana uku muka yi a haka. Yana zuwa aiki, yana cin abinci shi kaɗai a bayan katanga. Ina masa faɗa, yana ƙara jan rawani ya rufe. Na ɓoye kwalbar, suka samo wata. A rana ta huɗu ƙurji ya fito masa a kan hanci, fatar idon ta kumbura, hawaye na zuba, ba ya iya kallon haske.

Yaya kuwa da idonsa yake ci. A duk wurin ginin shi kaɗai ne ke jera bulo ba igiya, ya miƙe sambal. Ranar ina tsaye da kwanuka na ga Baba ya ja igiya a kan layin da Yaya ya jera. Layin ya kauce da faɗin yatsu uku. Baba ya fara sauke bulon ɗaya bayan ɗaya.

Na bi shi bayan tulin yashi inda ba kowa, na durƙusa. Ban saba ba, gwiwata har ta yi ƙara.

"Baba, na yi kuskure. Amma ba siminti ba ne, ka sani."

"Yau kika tuna ina da kunne? Da ranar nan kin ja ni gefe, da tuni mun je mun dawo." Ya shafa gemu. "In suka riƙe shi fa?"

"Su riƙe mu mu biyu."

Ya fito ya ce wa maza, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Simintin nan ya shiga masa ido, zan kai shi a wanke. Ku ci gaba da kwaɓi." Yaya ya tashi ya bi shi ba musu.

A ƙofar asibiti akwai motar jandarma a tsaye. Yaya ya dafa kafaɗata. Na ce masa ya dubi ƙasa, ni ma ƙasa nake duba. Muka wuce ta gabansu. Shayi suke sha, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Likitar mace ce. Da Faransanci muka yi magana, ina juya wa Yaya da Baba. Ina ta jiran ta ce takardar zama, ba ta ce ba. Ta ɗiga masa wani ruwa a ido, ta haska, ta sunsuna yatsanta.

"Me kuka shafa masa?"

Na faɗa mata. Ta rufe ido ta buɗe.

"Kwana nawa da fitowarsu?"

"Huɗu."

Ta ce duk wanda ya taɓa yin ƙaranbau yana iya yin wannan, balle mai aikin wahala. Ta ce ƙwayoyin maganin sun fi aiki a kwanaki ukun farko, da mun zo shekaranjiya da ta fi samun abin yi. Na juya musu maganar ƙaranbau. Ta shekaranjiya na haɗiye, amma Yaya ya ga fuskata.

Sun ɗebi jinin, ba a sami komai ba. Yaya ya ninke takardar sakamakon ya sa a aljihu, bai nuna wa kowa ba, sai da mutumin nan da ya janye hannu ya dawo kwanonsu don kansa bayan wata guda.

Ƙurajen sun bushe, idon bai mutu ba. Amma wani farin tabo ya zauna a kan baƙin, yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Tun daga nan bai sake jera bulo ba igiya ba. Wani lokaci in na kawo abinci sai ya kira ni, "'Yar lekkol, zo duba mini, ya miƙe?" In ya karkace nakan matsa kusa da kunnensa in faɗa masa.