Aski da Hannun Hagu

Mahaifinmu bai bar mana shanu ba, gonar ma ba ta kirki ba ce. Abin da ya raba mana daidai, ni da yayana, shi ne sanƙo. Kanmu iri ɗaya ne: tsakiya fili fetal, gefe da gefe gashi, sannan a ƙeya akwai wani ninkin nama inda reza ke yawan yin ɓarna. Ni ban taɓa damuwa da nawa ba. Faci nake yi a bakin titi nan Zuru, kuma ban taɓa ganin tayar da ta ƙi ɗaukar iska don mai facin bai yi aski ba. In gashin ya dame ni na je a kwashe, in bai dame ni ba ya zauna.

Yaya kuwa tsohon soja ne. Ya yi ritaya da igiya uku ya dawo gidansa a unguwar Rikoto, kuma har yau ko matarsa Saje take ce masa. Kullum da safe sai ya zauna da kwanon ruwa da sabulu da reza, ya bi kan nan har ya yi ƙyalli. Ba ya amfani da madubi, da tafin hannu yake laluba. Ni da aka kora daga layin ɗaukar soja tun ina saurayi, ba shi da sunan da yake kirana sai farar hula. In na shiga gidansa, kafin ya amsa gaisuwa sai ya dubi kaina ya yi tsaki. Haka muka tsufa.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin dama ya shanye, hannun ya mutu, ƙafar kuma saura kaɗan. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce abu biyu. Na ɗaya, ya riƙa taka ƙafar nan kullum, ko da daga ɗaki zuwa ƙofar gida ne, in ba haka ba, za ta bi hannun. Na biyu, maganin da aka ɗora shi a kai yana tsinka jini, saboda haka a kiyaye shi da abu mai kaifi. Matarsa ta ji na ɗayan, na biyun ya wuce ta. Ta ɗauki reza za ta yi masa alheri, ta ɗan taɓa ninkin nan na ƙeya. Yankan bai kai na farce ba, amma aka wuni ana danna auduga. Daga ranar reza ta bar gidan.

Aka kira mai aski da kilifa. Ya dafe kan Yaya yana juya shi hagu da dama, ya bar masa guntun gashi kamar ƙaiƙayi. Yaya ya bi shi da sanda da hannun da ya rage. Mai askin bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai gashi ya fito. Furfura ta zagaye kunnuwa da ƙeya, tsakiya kuma na nan tal. Wato irin kaina ne dai, wanda nake yawo da shi kasuwa da masallaci ba wanda ya taɓa suma. Shi kuwa sai ya shige ɗaki ya sa aka saki labule. Akwai benci a gindin mangwaron ƙofar gidansa, inda tsofaffin sojoji 'yan uwansa ke taruwa da la'asar suna maimaita yaƙe-yaƙen da suka riga suka ba juna labarinsu sau ɗari. Kullum su zo, kullum matarsa ta fito ta ce barci yake. Wata biyu ana haka. Ƙafar ta fara sirancewa.

Matar ta same ni a rumfata, ina tsakiyar fama da tayar wata bas.

"Baba Ƙarami," in ji ta, don haka 'ya'yanta ke kirana, "yayanka zai gurgunce a kan gashi."

Na ce, "A sa masa hula mana. An daina ɗinka hula a garin nan ne?"

"Je ka gaya masa da bakinka."

Na je na gaya masa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Bakinsa ya ɗan karkace tun ciwon, amma zagi na fita sarai.

"Hula! A ɗora hula a kan ƙazanta! Shi ya sa aka kore ka daga layi."

"To a dawo da mai kilifa."

"Ba wanda zai sake riƙe mini kai kamar ragon layya. Fita."

Na fita ina cewa a raina, wannan wane irin girman kai ne na banza. Mutum ba ya iya ɗaura tazugen wandonsa, amma kansa ne ba za a taɓa ba. Sai dai maganar ta tsaya mini. Na gane ba askin ne kaɗai ke damunsa ba, so yake ya yi da kansa. Hannu kuwa ɗaya ya rage, na hagu.

Babban ɗansa yana aiki a Abuja. Tunda uban ya kwanta sau ɗaya ya zo, amma a waya ba wanda ya kai shi kula. Ya yi ta turo wa uwar hotunan injinan aski, daga baya ya ba wani direba ɗaya ya kawo, cikin kwali mai sheƙi da hoton Bature yana murmushi. Na buɗe na duba. Dogo ne siriri, bakinsa a miƙe, na gyaran gemu. Na kira yaron a waya.

"Kai, ubanka gemu gare shi?"

"Baba Ƙarami, ai shi ne mafi kyau, na karanta abin da mutane suka rubuta a kansa."

"Mutanen da suka rubuta, sun ga ƙeyar ubanka?"

Ina jin shi ma ya manta yadda take.

Ranar kasuwa na rufe rumfa da hantsi na nufi layin masu kayan wuta. Shagon da ya fi kaya na wani saurayi ne da nake yi wa facin babur. Gashin kansa a tsaye kamar an kifa masa kwando, an zana layi-layi a gefe. Wannan ne zai koya mini abin da ya dace da sanƙo.

"Baba, mi kake biɗa?"

Na gaya masa. Ya hau sauko da kwalaye yana zuba. Wanga yana da fitila. Wanga yana nuna lamba. Wanga har cikin ruwa shina aiki, ko wanka kake. Na ce masa wanda zan saya wa ba kifi ba ne. Na ce ya bar surutu ya ba ni kowane iri in gwada.

"A kan wa?"

Na cire hulata. Kwana uku da aka kwashe mini, na bar gashin ya tsiro da gangan.

Ya ce ba a gwada kayan kwali. Na ce to ya ci gaba da tura babur ɗinsa zuwa wani mai facin. Ya yi dariya ya jawo waɗanda ke buɗe na nuni, guda uku: kilifa mai batir, da mai miƙaƙƙen baki irin na ɗan Abuja, da wani gajere mai kawuna zagayayyu biyar wanda ke zama cikin tafin hannu kamar sabulu.

Na zo da tsinken tsohon tib na taya a aljihu. Na sa mai shagon ya ɗaure mini hannun dama a baya da shi, don na san in na bar shi a sake zai taimaka ban sani ba. Na zauna a kan kwali a ƙofar shago na fara da hagu.

Kafin in gama gefe ɗaya an taru. Mutanen garin nan ba su da aiki, na daɗe da sani, amma ranar na tabbatar. 'Yan kabu-kabu suka kashe injin suka tsaya. Wani ya ce, "Baba, ɓarawon gashi aka kama?" Wani ya ce ai asiri ne, a bar shi ya gama. Mai shagon ya ɗaga waya yana ɗaukata, wai talla. Na ce masa in na ga kaina a wayar wani sai na sace iskar tayoyinsa duka biyu.

Kilifar tana ci, amma tana barin ƙaiƙayi, ga nauyi, ga ƙara kamar injin niƙa. Mai miƙaƙƙen baki yana share goshi da kyau, amma kai ba allo ba ne, da na kai shi bayan kunne sai ya riƙa tsallake wuri, kuma da hagu ba na iya karkata shi. Gajeren nan da na fi rainawa, shi ne ya zauna. Yatsu na shiga tsakaninsa da kawunan su maƙale, ko hannu ya yi rawa ba ya faɗuwa. Na sunkuyar da kai ninkin ƙeya ya buɗe, na bi shi a hankali. Bai cije ni ba. Na tambaya ko yana riƙe caji, don wutar Rikoto sai ta ga dama. Ya rantse. Ban yarda da rantsuwarsa ba, na bar injin a kunne a hannuna har na gaji da jin sa. Bai mutu ba. Na ce a ba ni sabo.

Na fito da kai kashi uku, kowane gefe da irin askinsa. Na mayar da hula na wuce Rikoto kai tsaye.

Na ajiye wa Yaya injin a gefen hagu na nuna masa inda ake dannawa. Ya ɗauka. Ya juya shi, ya sa yatsu, ya kunna, ya kai bayan kunne. Injin ya yi wani irin gurnani ya tsaya cak, ya cafke furfurar. Ya fizge shi da gashi a baki, ya yi jifa da shi. Allah ya sa a kan katifa ya faɗa.

Laifina ne. Na gwada a kan gashin kwana uku, nasa kuwa na wata biyu ne. Irin wannan injin ba ya cin dogon gashi, sai an fara rage shi. Mai kwando a ka bai gaya mini ba, don shi ma bai sani ba. Ni ma da na wuni ina wa mutane kallon jahilai ban yi tunanin ba.

Ke nan dole wani ya riƙe kan nan sau ɗaya. Na karɓi almakashi a hannun matarsa na tsaya a kansa.

"Kada ka taɓa ni," in ji shi.

Na gaji. Na ce, "Saje, ka saurara. Yau an ɗaure ni da tib a tsakiyar kasuwa, 'yan kabu-kabu sun yi mini dariya, duk a kan wannan ƙoƙon kan naka da ba ya da bambanci da nawa. Sau ɗaya zan rage maka, daga nan ba ni ba kanka har abada, ba marmarinsa nake ba. In kuma ka fi son ka ruɓe a ɗakin nan, ka faɗa, in je in buɗe rumfata."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa magana haka ba. Matarsa ta fice da sauri. Ya daɗe yana kallona da ido ɗaya a ɗan runtse.

"Cire hular," ya ce.

Na cire. Ya ga aikin kasuwa. Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

"Ba za ka dafa ni ba. Ni zan juya, kai ka yanka."

Haka aka yi. Yana ba da umarni, hagu, dama, tsaya, ni kuma ina bi da almakashi, bakinsa nesa da fata, hannuna ɗaya a baya don kada in manta in dafa. Da na rage shi ƙasa sosai na zare gashin da ya maƙale a injin na miƙa masa.

Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Sau biyu hannun ya gaji ya sauke shi a cinya. Na zauna a bakin ƙofa. Da ya gama ya ajiye injin ya shafa kan da tafin hannu, daga goshi zuwa ƙeya, kamar yadda ya saba.

"Akwai saura?"

Akwai, a cikin ninkin nan. Da wani ne zai ce babu don a huta. Na ce, "Akwai. Sunkuya sosai, sai ya buɗe." Ya harare ni, ya sunkuya, ya bi wurin.

La'asar ta yi, muna jin muryoyin tsofaffin a gindin mangwaro. Matarsa ta taso za ta je ta ce barci yake. Ya ce ta miƙo masa sanda da farar rigarsa.

Daga ɗakin zuwa bencin ba nisa, amma ya tsaya hutawa sau uku, yana jan ƙafar, gumi na gangarowa ta kan da ya sha aski. Na bi bayansa ban taɓa shi ba. Da ya ɓullo ƙofar gida tsofaffin nan suka miƙe, har da mai ciwon gwiwa, suka ƙame suna sara masa, tsofai-tsofai da su. Aka matsa masa ya zauna a tsakiya yana haki.

Da numfashinsa ya dawo, ya ɗaga sandar ya nuna ni. Na manta hulata a ɗaki.

"Ku dubi kan farar hula," in ji shi. "Don Allah ku duba."

Suka duba, suka yi ta dariya har da tari. Na bar su na koma rumfa, akwai tayar bas tana jirana tun jiya. Kaina kuwa haka na bar shi kashi uku har ya cike da kansa.